Dawar Gonar Kufai

Daga ƙasar Ireland,
26 ga Agusta.

Zuwa ga Baffana Malam Nuhu, Tungar Kirya, ta hannun Kamalu direba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Hure da duk mutanen gida. Yaya damina? Yaya ƙafar? Kamalu ya ce ya gan ka ranar kasuwar Bukkuyum kana tafe ba sanda, har kana yi wa masu babur faɗa. Wallahi Baffa, da na ji kana faɗa sai hankalina ya kwanta, na ce to lallai an warke. Alhamdu lillahi. Ni ma tarin nan ya sake ni, sai dai ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Nan ba damina ba rani, kullum yayyafi.

Na zaɓi in rubuto ne don na san halinka da waya. Da mun gaisa sai ka ce "to, ga Innarki," ka miƙa. Wannan na rubuta da hannuna, zan ɗauki hotonta in tura wayar Kamalu ya kawo maka.

Ka sha tambayata abin da ya kai ni ƙasar Turawa karatun labarin ƙasa, alhali ga ƙasa nan a gida. To bari in gaya maka aikin. Wata biyu ke nan da malamata ta turo ni wani ƙauye a yammacin ƙasar. Su nan bisa coci suke raba karkara: duk gidajen da ke zuwa coci ɗaya yanki ɗaya ne, kamar a ce duk tungayen da ke zuwa Juma'a a masallacinmu. A cikin yankin kuma kowane ɗan fili da sunansa, ko da bai wuce gonaki biyar ba. Aikina in gano inda garin ya fara zama, abin da ya tashe shi, da inda ya koma.

Akwai wani tsoho manomi, sunansa Donal, shekararsa tamanin da ɗaya, shi ke zagayawa da ni. Yana da tumaki da kare da taurin kai, in ya yi magana kai nake tunawa. Ya hau da ni wani tudu ya nuna mini inda garinsu na farko yake. Ba kowa, sai bangayen dutse da suka zube. Ya ce yunwa ce ta tashe su, sama da shekara ɗari da saba'in da suka wuce, da dankalinsu ya ruɓe a ƙasa. Wasu suka mutu, wasu suka hau jirgin ruwa ba su dawo ba, waɗanda suka rage suka gangaro bakin gada inda hanya ta bi, can garin yake yanzu. Abin da ya tsaya mini a rai, Baffa, kunyoyin da suka yi na ƙarshe har yau suna nan. Ciyawa ta rufe su, amma in rana ta karkata sai ka gan su jere a jikin tudun. Donal ya san gidan da ya yi kowace kunya. Na tambaye shi wa ya rubuta wannan, ya ce ba wanda ya rubuta, in ya mutu shi ke nan.

Sai na tuna Kufai. Na tuna ina ƙarama kana ɗora ni a jaki mu tafi gona, ina ganin kukoki da ramukan nan da ka ce tsohuwar marina ce, ban taɓa tambayar komai ba. Yau ga ni na san tarihin garin wasu, ban san na namu ba. Abin ya dame ni ƙwarai. Na yi wa malamata magana, ta yarda in haɗa garuruwan biyu a bincikena.

Don haka ga roƙona. Ina so ka tara dattawan da suka sani, ku zagaya gonarmu ta Kufai. A nuna daga inda ta fara zuwa inda ta ƙare, da sashen da Kaka ya ba Babana yana nomawa, da waɗanda ke maƙwabtaka da shi gabas da yamma. A rubuta mini sunayen duk waɗanda suka shaida, domin a nan ba a karɓar magana sai da sunan wanda ya faɗe ta. In da hali a yi kafin shekara ta ƙare, don ina so in shigar da komai a takarda.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata yajin da ta ƙulla mini ya kusa ƙarewa, ina ta lallaɓa shi.

'Yarka,
Muhsina.

*

Tungar Kirya,
3 ga Oktoba.

Zuwa ga Malama Muhsina Faruk.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso kwana kaɗan kafin a rufe layukan waya a jihar nan baki ɗaya. Muna lafiya. Ƙafa da sauƙi. Gero ya yi kyau, an kai shi gida, dawa kuma ta fitar da kai. Wannan amsa zan ba Kamalu, ranar da ya tafi Sakkwato inda waya ke aiki ya tura miki.

Na karanta sau uku. Labarin tsohon Bature da dankalinsa na ji, Allah ya kyauta. Amma ni ba yaro ba ne, na san inda aka dosa. Mutum ba ya kewaye-kewaye har shafi biyu sai in abin da zai faɗa a ƙarshe yana da nauyi. Tun da nake a garin nan ban taɓa ganin an tara dattawa, an zagaya gona, an rubuta sunan shaidu ba, sai in gado za a raba ko za a tafi gaban alƙali. Na kai wa Liman takardar ban ce masa uffan ba. Ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "Yarinya haƙƙinta take nema, kuma ta yi ladabi wajen nema."

To ba sai an kai ni kotu ba. Gaskiya ce gare ki. Shekara goma sha huɗu da rasuwar ƙanena Faruk, ina noma gonar nan duka kamar tawa ce ni kaɗai. Kowace shekara in ce bana zan raba, sai in ce bari ta gama sakandare, bari ta gama jami'a. Na ciyar da ke daga cikinta, amma ban taɓa zaunar da ke na ce ga naki ba. Wannan laifina ne, ban musa ba. Abin da ya ƙona mini rai, da kin ce "Baffa ba ni nawa," wallahi kafin ki rufe baki na ba ki. Amma sai ga shaidu, ga takarda, ga wa'adi. A ɗakin Hure kika yi wayo, Muhsina.

An yi abin da kika ce. Ranar Asabar na tara Liman da maigari da maƙwabtan gona, da Ardo Isa saboda burtalin shanunsu ya bi ta gefenmu. Aka ɗauko tsohuwa Dije a kan jaki, domin ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka yi wayo a Kufai kafin gari ya tashi. Idonta ya yi rauni amma kanta garau. Ta nuna iyaka tun daga babbar kuka har bakin tsohuwar marina. Ba ta rage wa kowa ba. Ni kaina ta ce gonata ta ci burtali da kunya uku, wai a da shanu huɗu ke jerawa su wuce. Na ce a mayar, aka mayar nan take. Tunda ranar tonon asiri ce, gara a gama gaba ɗaya.

Liman ya fitar da sashen Faruk, ya ce rabinsa ne naki tunda ke kaɗai ya bari. Rabin ya faɗo gefen babbar kuka. Na dasa gamba a kan iyakar da hannuna. Sunayen shaidu suna bayan takardar nan, mutum bakwai, kowa ya dangwala.

Saura magana ɗaya. Akwai dawa a tsaye cikin rabon naki. A gaban mutanen nan na rantse da Allah ba zan sa mata wuƙa ba, ni ko wani na gidana, sai da izininki a rubuce. Ki faɗi wanda kika wakilta ya yanke miki, da inda za a kai. Wanda na ci a baya ya isa, ba zan ƙara cin abin marainiya ba.

Nuhu,
wan mahaifinki.

*

Tungar Kirya,
Litinin, 8 ga Nuwamba.

Muhsina ɗiyata,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Kina lahiya? Ya sanyi? Kina dai rufe ƙirjinki ko? Mu nan jiki lahiya lau, zuciya ce ba lahiya. Innarki Hure ce, da hannuna nake rubutawa, rubutun makarantar matan aure ne, inda ya karkace ki miƙe shi da kanki. Baffanki bai san na rubuto ba.

Za ki ga takarda biyu sun zo miki tare, tawa da tasa. Tasa ta yi mako biyar a aljihun motar Kamalu. Awo, mako biyar! Ba mai, hanya kuma ba daɗi, bai tafi Sakkwato ba, kuma tsoron Baffanki ya hana shi faɗa. Kullum in ya tambaye shi sai ya ce an tura. Ni ma sai jiya na ji a bakin matarsa wajen suna. Shi kuwa Baffanki ya ɗauka kin gani kin yi banza da shi. In ya ji ƙarar mota sai ya miƙe wai zai duba akuya, ya fita ya dawo ya zauna. Akuyar nan ta ga dubiya bana.

Ki karanta tasa tukuna, ki sha ruwa, sannan ki dawo kan tawa.

Kin karanta? To ga inda muke. Kowa ya yanke dawarsa a Kufai, mu ma mun yanke tamu, sai ta gefen kuka ita kaɗai tsaye a tsakiyar fili, tsuntsaye suna ta biki. Kuma kin san nan ne zuciyar gonar, abin da ke fitowa daga wurin shi ke kai gidan nan har faɗuwar ruwa. Maigari ya sa an yi shela: ranar Juma'ar nan bayan an sauko masallaci za a saki dabbobi su shiga gonaki su ci kara, kamar kowace shekara. Kin san al'ada, da an saki shi ke nan, wanda ya bar hatsinsa a fili ba shi da bakin kuka. Shanun Ardo Isa kaɗai kafin la'asar za su share ta.

Liman ya zo har gida ya ce wa Baffanki ya yi kaffarar rantsuwarsa ya yanke. Baffanki ya ce shi ba rantsuwar ce ta riƙe shi ba. Na ce to mi? Ya miƙe wai zai duba akuya. Na ce ni in ɗauki wuƙa in tafi, ya ce ai ke ta gidana ce. Na ce a sa maƙwabta, ya ce da izinin wa? Shekara talatin da ɗaya ina zaune da mutumin nan, ban taɓa jin ina son in kwaɗa masa muciya ba sai bana.

Ba tuwon kaɗai nake ji ba, ɗiyata. Ba ya cin abinci. Sai ya yi loma biyu ya ture kwano ya ce ya ƙoshi. Rigarsa ta fara yi masa yawa.

Ni na goye ki, na san ba abin da ya fahimta kike nufi ba. Na gaya masa, ya ce Liman ma haka ya karanta. Na ce Liman ya taɓa yi mata kitso? In kuma ashe gonar kike so, ba laifi ba ne, taki ce, ki faɗa a fili a yanke miki. Kowanne ne dai ki rubuto, ki sa hannu yadda zai gane. Na je gidan Kamalu na zauna a tsakar gida na ce ba ni tashi sai ya yi alkawarin tafiya jibi Laraba, ya yi. Na ce kada ya kuskura ya juyo ba amsarki a wayarsa.

Yaji yana nan na daka sabo, mai zuwa ne babu.

Innarki,
Hure.

*

Daga ƙasar Ireland,
Laraba, 10 ga Nuwamba.

Baffana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna, lafiyata ƙalau, sauran gaisuwa sai an yanke dawa. Kamalu yana tsaye a tasha yana jirana, don haka ga abin da ka nema tun farko:

Ni Muhsina, 'yar marigayi Faruk, na ba Baffana Malam Nuhu izini ya yanke dawar da ke gefen babbar kuka, ya kai rumbunsa, ya ci shi da iyalinsa, bana da baɗi da kowace shekara. Shi ne wakilina, ba ni da wani. Abin da ya wuce kuma na shekara goma sha huɗu na yafe duniya da lahira, in ma akwai abin yafewa. Ga sa hannuna a ƙasa, irin wanda ka koya mini ranar da za ka kai ni sakandare a Gummi.

Yanzu kuma bari in yi kukana. Haba Baffa! Haba! Ni ce zan kai ka gaban alƙali? Yau takardarka ta shigo, ina tsaye a gonar Donal cikin taɓo. Wata biyu ina tura saƙo wayar Kamalu ba ya shiga, ina ta addu'a Allah ya sa kuna lafiya. Da na ga hoton rubutunka har tsalle na yi. Sai na ga "Malama Muhsina Faruk." Tun da aka haife ni ba ka taɓa kirana haka ba. Na zauna a kan bangon dutse.

Na koma na karanta takardata ta farko da idon mutumin Tungar Kirya, sai na kama baki. Dattawa, iyaka, shaidu, wa'adi, takarda. Ko ni aka aiko wa haka abin da zan fahimta ke nan. Laifina ne, na daɗe cikin littattafai har na manta yadda magana ke sauka a gida. Shaidun da nake nufi, a makaranta in ka ce wani gari ya tashi shekara kaza, sai an tambaye ka wa ya gaya maka. Shi ke nan wallahi. Ba ƙasar nake so ba, labarinta nake so, don kada ranar da Iya Dije ta tafi ta tafi da Kufai gaba ɗaya.

Donal ya ga ina hawaye ya tambaya, na gaya masa a gurguje. Ya girgiza kai ya ce da na yi shawara da shi da ya hana ni, domin su ma nan, in ka tambayi ɗan'uwanka inda bangon gonarsa ya tsaya, sai ku shekara ashirin ba ku gaisa ba. Ya ce in gaya maka ka yanke hatsinka.

Ka cire gambar nan, ba na son ta. Kuma don Allah ka ci abinci. Kada ka yi wa Inna faɗa don ta rubuto, kada ka yi wa Kamalu, ko ka yi masa kaɗan.

Ina nan ina ƙirga sa'o'i har Juma'a, kuma ba ni da hanyar da zan san ko ya iso.

'Yarka, ba Malama ba,
Muhsina.

*

Tungar Kirya,
21 ga Nuwamba.

Ɗiyata Muhsina,

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Kina lafiya? Yaya karatu, yaya ruwan da ba ya ɗaukewa? Mu nan lafiya lau, Innarki lafiya har ta yi yawa, kwana tara tana yi mini dariya. Na san abin da kike son ji, ba zan ja miki rai ba: dawa tana rumbu. Ko zangarniya ɗaya saniya ba ta taɓa ba. Ki sauke numfashi, sannan ki ji yadda aka yi.

Kamalu ya baro Sakkwato ranar Alhamis, mota ta lalace masa a hanya, ya kwana can. Ni ban ma san ya tafi ba. Juma'a aka sauko masallaci, aka saki dabbobi. Ban koma gida ba, na wuce Kufai da rigar Juma'ata na zauna a gindin kuka. Ba kora na je yi ba, ba ni da wannan hurumin. Na ce tunda taurin kaina ya jawo, in tsaya in gani da idona. Ina zaune na hango shanu sun biyo burtali, farare, sun cika hanya. Na sunkuyar da kai.

Na jira in ji karyewar kara, ban ji ba. Da na ɗago sai ga Ardo Isa da mutanensa sun jeru a bakin gambar da sanduna, suna karkatar da shanu yamma. Na ce, "Ardo, an yi shela, haƙƙinku ne." Ya ce, "Na ji shela. Shekara nawa ina cewa burtalin nan ya matse, kowa ya ce haka ya gada? Kai kaɗai ka mayar da kunya uku ba a kai ka ƙara ba. Na ba ka kwana biyu, Nuhu. In ɗiyarka ba ta yi magana ba, ranar Lahadi ni ma ba ni iya riƙe su."

Bayan la'asar sai ga Kamalu a bayan babur, Innarki ta turo shi tun bai sha ruwa ba. Ya tsaya nesa ya miƙo waya da tsawon hannu, kamar mai ba kare abinci. Na karanta izinin. Na karanta sauran. Da na kai wurin "ba Malama ba" sai rubutun ya dishe mini, na ce wa Kamalu gilashin wayarsa ya yi datti. Ardo ya juya baya yana duban shanunsa, Allah ya saka masa. Faɗan Kamalu kuwa na yi kaɗan, yadda kika ce.

Asabar aka yi gayya. Ban kira kowa ba, Hure ce ta bi gida gida. Shaidun nan bakwai duk sun zo, har Liman da wuƙarsa, yana yanka yana cewa shi fa abin da ya gani a rubuce ya faɗa. Kafin azahar an ɗaure an kwashe. Lahadi shanun Ardo suka shiga suka ci karansu.

Ki yafe mini, ɗiyata. Na karanta takardarki da abin da ke cikin cikina, ba da abin da ke cikinta ba. Shekara goma sha huɗu ina jiran ranar da za a tambaye ni gonar nan, shi ya sa da na ji an taɓa ƙofa na ce ga ta nan ta zo.

Yanzu ga aikinki, wanda kika nema tun farko. Na koma wurin Dije sau uku da littafi, na kai mata goro. Ki rubuta sunanta da kyau, Dije ta gidan Sarkin Noma, ta ce a gaya wa malamarki ita ta faɗa.

Ta ce mafarauta ne suka fara zama, a gindin wata kirya kusa da gulbi, daga nan gari ya sami suna. Kiryar ta faɗi tun Dije tana budurwa. Gari yana da ganuwa da ƙofa biyu, ta gabas da ta kudu. Tudun nan mai tsawo da muke cewa jigawa, inda jaki ke yin tuntuɓe, ashe ganuwar ce ta kwanta. Shekara sittin ina taka shi ban sani ba. Marina rami goma sha biyu ce, bakwai ake gani yanzu, har daga Anka ake kawo zane rini. Rijiya tana kudu da masallaci, ana ce mata rijiyar Hawwa'u, sunan matar da ta fara jan ruwa a ciki. Abin da ya tashe su, shekara biyu a jere gulbi ya cika ya ci unguwar kudu, ga kurkunu ya kwantar da rabin maza a tsakiyar damina. Lokacin an fitar da hanyar mota ta Gummi a kan tudu, sai aka fara komawa gida ɗaya ɗaya. Kakanki ne na ƙarshe, ta ce sai da ya shekara shi kaɗai yana faɗa da kowa. Innarki ta ce ba ta yi mamaki ba.

Ki gaya wa Donal mu ba mu da tsofaffin kunyoyi irin nasu, namu kowace damina sai mun rushe mun sake. Amma muna da kuka. Dije ta ce a Kufai kowane gida da kukarsa a bayan ɗaki saboda miya, in kin ƙirga kukoki kin ƙirga gidaje. Na ƙirga, ashirin da uku. Na kai ta a jaki, tana dafa kowace tana faɗin mai gidan da matansa. Ta kawo goma sha tara. Huɗu sun ɓace mata, ta tsaya tana ta shafa su tana kuka, ta ce jiya-jiya ta san su. A nan na gane abin da ya sa kike gaggawa. Na zana miki su duka a bayan takardar nan, huɗun na bar su ba suna.

Babbar kukar kuwa ta gidanmu ce. Rabon da ya faɗo miki shi ne tsakar gidan Kakanki, inda aka yi shekaru ana zuba toka ana ɗaure dabbobi, shi ya sa dawa ke yin abin da take yi a wurin. Ni ina goye aka tashi, Faruk kuwa a sabon gari aka haife shi, amma Dije ta ce tun yana yaro can yake gudu ya kwanta.

Gamba kuwa ba zan cire ba, kada ki sake roƙona. Ba don fushi ba. Ina son in na tsallaka ta in san gonar ɗiyata na shiga, kuma da izininta na shiga. In kin dawo zan ɗora ki a jaki in nuna miki, in jakin ya yarda.

Jiya Hure ta surfa dawar farko ta yi tuwo da miyar kuka, kukar gidanmu. Na ci malmala biyu na ce a ƙaro. Ta tsaya da kwano a hannu tana kallona. Shekara goma sha huɗu ina cin tuwon gonar nan, Muhsina, sai jiya ya wuce bai tsaya mini a maƙoshi ba.

Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya.

Baffanki,
Nuhu.